Bayanin Kwamitin Gyaran Makaranta: Inda Kuɗinku Suka Tafi da Dalilin Rashin Katanga

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, tsofaffin ɗalibai, da duk wanda ya sa ko da sisi a wannan aiki.

Tun ranar da yara suka koma azuzuwan nan 6 da aka gyara, tambaya ɗaya ke bin 'yan kwamiti duk inda suka sa ƙafa: ina katanga? Wasu sun tare mu ido da ido, kuma mun gode musu. Wasu ta bayan fage suka yi, har maganar ta dawo mana da ƙari, wai an tara kuɗin katanga an gina masai, wai shugabar makaranta ta gyara wa kanta ofis. Ba mu riƙe kowa a zuciya ba. Wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya ji inda suka shiga. Littafin ma'aji da rasit-rasit ɗinsa an karanta su a taron iyaye da malamai, kwafinsu kuma na manne a allon sanarwa na ƙofar ɗakin malamai. A nan za mu yi lissafin ne da kashi cikin ɗari na abin da aka tara, domin karo-karon ya ɗauki fiye da shekara, farashin siminti da kwano kuma bai tsaya jiranmu ba. Adadi na farkon aiki da na ƙarshensa idan aka jera su wuri ɗaya sai su rikita mai karatu.

Farkon lamarin kowa ya sani. Mu 9 aka zaɓa. Aka buɗe asusu mai sa hannun mutum 3, kuma shugabar makaranta ba ta cikinsu, ita da kanta ta ƙi. Muka yanke shawarar ba za mu ba ɗan kwangila ba, mu sayi kaya mu ɗauki magina da kafintoci kai tsaye, wani injiniya tsohon ɗalibin makarantar ya riƙa duba aikin kyauta. Abin da aka rubuta a takardar neman taimako shi ne sauya rufin azuzuwa 6, sabunta daɓe da tagogi da ƙofofi, katanga da ƙofar shiga, sai fenti.

Rufin nan shi ya fara karya mana lissafi. Mun ware masa kashi 27, ya tashi a 44. Da muka zagaya tun farko, abin da idonmu ya gani kwano ne da ya yi tsatsa da silin da ya rufto a wurare, sai muka ɗauka za a cire tsohon kwano a buga sabo a kan katakon da ke nan. Ranar da kafinta ya hau ya ɗaga layin farko, ƙafarsa ta burma cikin katako kamar ya taka busasshiyar kara. Allah ya kiyaye bai faɗo ba. Gara ta cinye cikin katakon tas, ta bar ɓawon waje yana nan kamar lafiyayye. Azuzuwa 5 cikin 6 haka muka tarar da su. Da aka sauke katakon duka, sai saman bango ya bayyana, injiniya ya nuna mana abin da ya fi gara muni: ginin ba shi da ɗaurin kankare da rodi a samansa, katakon rufin a kan bulo kawai aka ɗora shi aka ɗaure da waya. Tsagar nan da ke kusurwar aji na uku, wadda shekara da shekaru ake toshewa da siminti tana dawowa, daga nan take.

A nan aka yi zama mai zafi. Cikinmu akwai masu cewa a sa sabon katako a rufe, a wuce, tunda ginin ya shekara da yawa a haka bai faɗi ba. Injiniya ya ce shi ba zai sa hannu ba. Sabon kwano mai nauyi da faɗi a kan bangon da ba a ɗaure ba, iskar farkon damina ɗaya ta isa ta yaye shi, kuma idan ta tashi yayewa a lokacin karatu, yara ne a ƙasa. Malama shugabar makaranta ta ce in dai ba a zuba ɗaurin ba, ba za ta mayar da ɗalibi ko ɗaya cikin ajin ba, gara su ci gaba da zama a gindin bishiya da barandar ɗakin malamai. Aka zuba. Kwaɓin ma ba a bar wa leburori su yi yadda suka ga dama ba: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma an yi sati guda cur ana ba shi ruwa safe da yamma. Masu cewa aiki ya tsaya wata guda babu dalili, ga dalilin: kankare sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi, injiniya kuma ya ce ba a ɗora masa nauyin rufi kafin nan. Katakon da aka saya sabo an jiƙa shi da maganin gara kafin a hau da shi, an kuma yi wa gindin ginin feshi. Wannan ma kuɗi ne da ba ya cikin takardar farko. Laifinmu a nan guda ne, kuma mun karɓa: da mun sa an ɗaga kwano ko ɗaya an leƙa kafin mu buga takardar neman taimako, da ba mu yi wa jama'a alkawarin abin da kuɗin ba zai kai ba.

Bayan rufi, abin da ya rage ba zai ɗauki katanga da sauran ayyukan duka ba. Dole a zaɓa. Yawancinmu katanga muke so, kuma gaskiya ita ce abin da ake gani daga titi, ita ce masu ba da gudummawa za su nuna su ce ga aikinmu. Sai Malama ta zo zaman da rajistar halartar ɗalibai ta zango 3 a hannunta, ta ajiye a kan teburi ta ce mu duba da kanmu.

Makarantar na da 'yan mata kusan 240 da maza kusan 300, kuma a lokacin banɗaki 2 ne kacal, babu ƙofa a ko ɗaya, ramin ɗaya ya cika. Ta nuna mana yadda sunayen 'yan matan manyan azuzuwa ke ɓacewa kwana 3, kwana 4 a kowane wata, da yadda bayan hutun tara ake rasa wasu domin sun tafi gida kama ruwa ba su dawo ba. Ta ja layi a ƙarƙashin sunayen da suka daina zuwa gaba ɗaya, ta ce ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya ita da mataimakinta, kuma a gidaje da dama abin da uwa ta fara faɗa ke nan: ba za ta tura budurwar 'yarta inda babu wurin da za ta suturta kanta ba. Mu da muke zaune a wurin, wasunmu 'ya'yanmu ne a rajistar, ba mu taɓa haɗa abin nan biyu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani daga cikinmu ya ce wannan aikin gwamnati ne. Malama ta ce haka ne, kuma ta rubuta wa hukuma ta sake rubutawa, kwafin wasiƙun na nan a fayil, amma yarinyar da ta bar aji a bana ba za ta jira amsar wasiƙa ba. Ta tuna mana abin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumba na 2015, muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da aka ce za a cimma kafin 2030, na huɗunsu ilimi. A ƙarƙashin na huɗun akwai sashe da ya yi magana a kan ginin makaranta kansa, cewa ya dace da yara, da masu naƙasa, da mata da maza, kuma cikin abubuwan da ake ƙirgawa don a gane ko ƙasa ta cika alkawari akwai ruwan sha, da banɗaki na mata daban na maza daban, da wurin wanke hannu. Ta ce duk shekara ita ke cike fom ɗin ƙidayar makarantu da ake aikawa sama, kuma duk shekara a waɗannan gurabe babu take rubutawa. Alƙaluman da ƙasa ke kaiwa gaban duniya daga irin wannan fom ɗin ake tattara su. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2009 don makarantu masu ƙaramin ƙarfi, ta ce banɗaki 1 ga kowane 'yan mata 25, sannan banɗaki 1 da wurin fitsari 1 ga kowane maza 50. Ku auna wannan da namu 2 marasa ƙofa.

Aka kaɗa ƙuri'a, 6 suka goyi bayan banɗaki, 3 suka tsaya a kan katanga. Ukun nan har yau suna cikin kwamiti, sun kuma yi aiki kamar kowa. An gina banɗaki 8: 5 na 'yan mata a gefe guda da shinge a gabansu, 2 na maza a ɗaya gefen, 1 na malamai. Bai kai ƙa'ida ba, mun sani, 'yan mata kaɗai sun cancanci 10. Abin da kuɗi ya kai ke nan, kashi 23.

Inda muka yi kuskure shi ne yadda muka sanar da ku. Wasiƙa muka ba yara su kai gida, muka kuma sa sanarwa a allo. Tsofaffin ɗaliban da ke nesa, waɗanda su suka ba da kaso mafi tsoka, da yawansu ba su ji ba sai da suka ga hoton bikin buɗewa. Wanda ya ba da kuɗi da sunan katanga, a kira shi a gaya masa baki da baki kafin a karkatar da kuɗin, wannan haƙƙinsa ne, kuma ba mu yi ba. Muna neman afuwa a kan wannan. A kan zaɓin kansa kuwa, da za a mayar da mu wancan zaman, abin da za mu sake zaɓa ke nan.

Akwai kuma asara ta zahiri a cikin kashi 23 ɗin nan, wadda ba wanda ya tambaye mu amma za mu faɗa. Kashi 4 ya tafi a ramin da aka haƙa aka sake cikewa. A satin da Malama ta tafi taron shugabannin makarantu, injiniya ma ba ya gari, mu 'yan kwamiti muka nuna wa masu haƙa wuri a bayan aji na shida saboda ƙasar wurin ta fi laushi, aikin zai yi sauri. Har an kai zurfi an fara jera bulo ta dawo. Ta sa aka ja igiyar awo daga ramin zuwa tsohuwar rijiyar makaranta, aka samu bai kai mita 15 ba, alhali shawarar da masana tsafta ke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da inda ake ɗiban ruwan sha. Rijiyar nan ba yaran makaranta kaɗai ke sha ba, maƙwabta ma na ɗiba. Ta tsayar da aikin nan take. Mun ji zafi a ranar, har an ɗaga murya, domin kuɗin haƙa da na bulo sun riga sun fita. Aka ciro bulon da za a iya cirowa, aka cike ramin, aka koma can kusurwar fili inda ƙasar ke da tauri, haƙan ya ci kusan ninki biyu na kwanakin farko. Wannan asara tamu ce mu 'yan kwamiti, ba ta magina ba ce, ba kuma ta Malama ba.

Sai maganar ofis, wadda ita ta fi yi mana ciwo domin ta taɓa mutuncin baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba. Ofishin shugabar makaranta yana nan yadda kuka san shi, da tsohon teburinsa mai ƙafa ɗaya a kan dutse. Duk mai shakka ya zo ya leƙa, gani ya kori ji. Abin da aka kashe wa kashi 6 ƙaramin ɗakin da ke jikinsa ne, wanda aka mayar ma'ajiyar takardu: an toshe yoyonsa, an sa ƙofar ƙarfe, an sayi kabad 2 na ƙarfe da kantoci. Kafin nan rajistar shiga makaranta, sakamakon jarrabawa na shekaru, da littattafan karatu da hukuma ke rabawa, duk a kwali suke a ƙasa, ruwa ya taɓa wasu, gara ta taɓa wasu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan bayani za su buƙaci takardar shaida daga makarantar nan wata rana, don aiki ko ƙarin karatu ko gyaran suna, kuma daga waɗancan kwalaye za a nemo ta. Rajistar da ta sauya mana shawara a kan banɗaki ma daga cikinsu ta fito.

Gangaren hawa keken guragu da aka yi a bakin baranda da bakin banɗaki ɗaya ya ci kashi 3. An ce ɗalibi ɗaya ne tak ke amfani da shi. Gaskiya ne a yanzu. Yaron nan abokansa ke ɗaga shi da kekensa kullum safe su haye matakala 3 da shi. Maginin ya fara yin gangaren gajere mai tsini don ya rage siminti, aka sa ya tsawaita shi, domin ƙa'idar ita ce kowane tashi na awo 1 a ba shi tsawon awo 12, in ba haka ba mai keke ba zai iya tura kansa ba. Ragowar lissafin kuwa babu gardama a kansa: daɓe da tagogi da ƙofofi kashi 14, benci sababbi da gyaran tsofaffi kashi 7, jigilar kaya da ƙananan abubuwa kashi 3. Ku haɗa da 44 na rufi, 23 na banɗaki, 6 na ma'ajiya, 3 na gangare, za ku samu ɗari cif. Babu ɗan kwamitin da ya karɓi kuɗin zama ko na mai. Fenti ba a yi ba sam, shi ya sa kuke ganin bangon da launin siminti.

Wasu sun ce mun bar shugabar makaranta ta juya mu. Sakatarenmu, wanda ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya yi ritaya, ya ba da amsa a taro da wani bincike da masanin harkar ilimi Kenneth Leithwood da abokan aikinsa suka fitar a 2004, wanda ya nuna cewa cikin abubuwan da ke cikin makaranta masu tasiri a kan karatun yaro, bayan koyarwar aji babu abin da ya kai shugabanci. Hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ma rahotonta na sa ido a kan ilimin duniya da ya fito a 2024 a kan shugabanci ta gina shi. Mu dai abin da muka gani da idonmu a watannin nan ya ishe mu. Manufa ana rubuta ta a babban birni, a buga, a yi taro a kanta, amma wanda zai ce rufin nan ba za a sa yara a ƙarƙashinsa ba, ramin nan ya yi kusa da rijiya, yarinyar nan kwana 9 ba ta zo ba bari in je gidansu, mutum ɗaya ne a kowace makaranta. Muna da kuɗi a hannu da niyya mai kyau, kuma sau 3 muna shirin zuba su inda bai dace ba. Ba mu ce ba ta da aibi ba. Tana da kafiya, takan kuma faɗi magana ba tare da ta sa mata mai ba, har ta ɓata wa dattawanmu rai fiye da sau ɗaya, mun kuma gaya mata. Amma duk tsawon aikin ba a rasa darasi ko na rana ɗaya ba. Ta raba karatun safe da yamma, ta roƙi malamai suka yarda ba tare da ƙarin ko sisi ba, 'yan ajin ƙarshe kuma suka zauna jarrabawarsu a kan lokaci.

Godiya kuwa ba mu san ta inda za mu fara ba. Akwai dattijon da ya hana mu ambatar sunansa, wanda ranar da aka gano ɓarnar gara, kafin ma mu buɗe baki, ya aiko da motar katako ya ce kada rufin ya kwana a buɗe saboda shi yana raye. Baba, mun kiyaye amanarka ba mu faɗi suna ba, amma Wanda ka yi dominSa ya sani. Allah ya sa a mizani, ya jiƙan magabata, ya albarkaci zuriya. Hajiyarmu da ta ɗauki nauyin ƙofofin banɗakin 'yan mata duka 5 da butoci da bokitai, ta kuma zo da kanta ta gwada kowane sakata ta ga yana kullewa daga ciki, Allah ya suturta ta duniya da lahira kamar yadda ta suturta 'ya'yan mutane. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, musamman ajin da suka yi karo-karo har sau 2, ku ne ƙashin bayan aikin nan, kuma ku muka fi saɓa wa a wajen sanarwa, ku yi haƙuri. Injiniyanmu ya bar aikinsa na kuɗi ya riƙa zuwa duk ƙarshen mako a motar haya, ko ruwa bai yarda mun saya masa ba. Iyaye mata da suka riƙa ɗebo ruwan ban kankare da asuba sati guda, malaman da suka koyar a rana da ƙura, mai gadin da ya kwana kan buhunan siminti ba a rasa ko ɗaya ba, da 'yan kwamiti ukun da aka kayar a ƙuri'a suka haɗiye suka ci gaba da aiki, Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Yanzu ga abin da ya rage, kuma ba kaɗan ba ne. Katanga har yanzu bashi ce a wuyanmu. Dabbobi na ratsa fili, masu babur sun mayar da gaban azuzuwa hanya, kuma sababbin tagogi da ƙofofin nan babu abin da ke tsakaninsu da ɓarawo sai mai gadi ɗaya tsoho. Abin da ya fi ta gaggawa ma shi ne ruwa. Banɗaki 8 babu ruwa a kusa, cikin zango ɗaya za su koma abin da muka gudu. A yanzu yara ne ke jan guga daga tsohuwar rijiya su cika randuna, rijiyar kuma takan ja baya idan rani ya yi nisa. Muna bukatar tanki da famfo da wurin wanke hannu a bakin banɗakunan kafin lokacin. Akwai aji 2 da har yau yara 4 ke matsuwa a bencin mutum 3, ga banɗakin 'yan mata 5 da suka rage a cika ƙa'ida, ga na maza.

Wannan karon mun sauya tsari. Kowane aiki da shafinsa a littafin ma'aji: ruwa daban, katanga daban, benci daban. Ka faɗi wanda ka ba domin shi, a rubuta a rasit ɗinka, kuma ba za a taɓa shi a kai wani wuri ba sai an kira ka an ji ta bakinka. Injiniya ya riga ya auna katangar ya raba ta gida 4, za a iya ɗaukar gefe ɗaya a gama kafin a shiga na gaba, don haka aji ɗaya na tsofaffin ɗalibai ko gida ɗaya na iya cewa gefen gabas namu ne. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da bulo, ko yashi, ko rodi, ko mota, ko kwana biyu na ƙarfinsa, duk muna karɓa kuma za a rubuta. Mun kuma roƙi masu ba da gudummawa su zaɓo mutum 2 daga cikinsu waɗanda ba 'yan kwamiti ba, su riƙa duba littafin duk ƙarshen wata, kuma muna fatan cikin waɗanda suka fi tsananta mana tambaya za a samu masu karɓar wannan aiki. Ma'aji na zama a ɗakin malamai duk ranar taron iyaye bayan an tashi, da littafin da rasit-rasit a gabansa. Da ruwa za mu fara, da zarar abin da ke shafinsa ya kai kuɗin tanki.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Gyaran Makaranta